Wanda Ya Kwance Kure

Asabe mai waina ce ta fara kurma ihu. Ta fito da sassafe da tanda a kai, za ta bakin kwalta inda take suya, sai ta hango amalanken Malam Jibo a kife cikin kwari, albasa ta watse ko'ina. Sa ɗaya na kwance ba rai. Shi kuwa Jibo yana gefen hanya a miƙe, fuskarsa na duban gabas, an lulluɓe ta da rawaninsa. A kansa wani baƙo ne tsugune, rigarsa duk jini.

Kafin rana ta ɗaga, Tungar Gawo kaf ta taru a wurin. Ƙauye ne ƙarami a bakin babbar hanyar da ta tashi daga Malbaza zuwa Konni, kuma mutanensa sun daɗe suna jin haushin manyan motoci. Sun rasa awaki, sun rasa jakuna. Yau sun rasa mutum. Ga baƙo a hannu, ga tirelarsa can gaba a ajiye da lotsawa a goshi. Samari sun fasa masa leɓe tun bai faɗi sunansa ba, wani ma har ya ruga gida ya dawo da jarkar fetur.

Ana cikin haka Abarshi ya iso, yana dogara sandarsa. Dattijo ne siriri, mai ƙananan idanu, wanda aikinsa bin sawun dabbobin sata. Daga Alela har Illela, in shanu sun ɓace shi ake aika wa. Tare suka yi kiwo da Jibo tun suna yara.

"Kowa ya tsaya inda yake!" ya daka tsawa. "Kun tattake mini ƙasa kamar garken tumaki."

Ya buɗe fuskar abokinsa, ya yi addu'a, ya mayar da rawanin. Bai yi kuka ba. Ya sunkuyar da kai ya fara zagaye.

Jandarmomi suka zo daga Malbaza. Shugabansu, wanda kowa ke kira Shef, ya dubi gawa, ya dubi motar, ya dubi rigar baƙon, ya ce magana a fili take. Ya ba da izinin a yi jana'iza, ya sa a jefa baƙon a mota.

"Shef, ba ni zuwa la'asar," in ji Abarshi.

"Baba, wannan ba satar saniya ba ce."

"Na sani. Amma ƙasa ɗaya ce."

Shef ya sassauto. Sau da yawa tsohon nan ya fid da shi kunya a kan ɓarayin shanu. Ya ce a kulle baƙon a zauren maigari, ya sa jandarma ɗaya ya tsare tirelar saboda masu jarka.

*

Kwalta ba ta riƙe sawu, amma gefenta rairayi ne. Abarshi ya koma baya sosai, inda mutane ba su taka ba. Nan ya ga inda tayar babbar mota ta bar kwalta. Ba ta fizgo ba, ba ta kauce wa komai ba. A hankali ta zame, kamar jakin da ya ga ciyawa, ta yi ta tafiya a kan rairayi har ta tarar da amalanke. Babu alamar birki ko kaɗan. Sai can gaba da nisa taya ta tona ƙasa inda aka taka shi da ƙarfi.

Daga nan sawun mutum ya fara. Ƙafa ce ba takalmi, ta diro, ta dawo baya a guje, yatsu sun nutse cikin rairayi. Sawun ya shige inda jama'a suka tattake, ya ɓace.

Abarshi ya miƙe yana dafe da kwankwaso. Can nesa, gindin wata aduwa, ya hango san Jibo na biyu a ɗaure yana huci. Ya ce a ransa Kande matar mamacin ce ta ɗaure shi, ya wuce.

*

Baƙon na zaune a ƙasa cikin zaure, ya jingina da bango. Ya ce sunansa Tanimun, mutumin Tajaye ne, siminti ya ɗauko.

"Mi ya tsai da kai ƙauyenmu?" in ji Abarshi. "Ga Konni nan gaba, da tasha da masu shayi."

"Baba, idona ne ya fara ganin hanya biyu. Tun shekaranjiya nake bisa sitiyari. Doka ta ce in direba ya daɗe yana tuƙi ya tsaya ya huta, ni ko na riƙe wannan tun randa na ga abin da barci ya yi wa wani abokina. Maigidana malalaci yake ce mini. Na aje mota, na shimfiɗa tabarma ƙarƙashinta, ban sake sanin inda nake ba sai da gari ya waye."

"Ƙarar karo ba ta tashe ka ba?"

"Wallahi ko bindiga anka harba ba na ji."

"Jinin fa?"

"Na zaga bayan gari ne na hango amalanke. Na ɗaga shi in ji ko da sauran numfashi. Sai matar nan ta yi ihu."

"Kai ka juya shi gabas, ka rufe mai fuska?"

"Haka na iske shi."

Abarshi ya dubi ƙafafunsa. Manya ne, sun yi kusa da girman sawun da ya gani.

"Mi zai sa direba ya diro daga mota ba takalmi?"

Tanimun ya yi ɗan murmushi da fasasshen leɓensa. "Dabararmu ce. In barci ya matsa, sai ka tuɓe takalmi, zafin ƙarfe da rawar inji su riƙa shiga tafin ƙafarka. Wani goro, wani shayi mai ɗaci, wani ƙwaya. Ni ma ina tuɓewa."

Yana faɗa ya gane abin da ya faɗa. Murmushin ya gushe.

"Ina da ɗiya huɗu, Baba," ya ce a hankali.

Abarshi ya fita. Ya je ya duba lotsawar tirelar. Tsatsa ta cinye ta, tsohuwa ce. Amma Asabe ta biyo shi tana rantsuwa ta ga ƙasa a jiƙe gaban motar da safe.

"Wanke jinin ya yi, Baba Abarshi, ni dai na faɗa ma."

"Ko alwala ya yi ba."

"Mai kashe mutum ne zai yi alwala?"

Abarshi kansa bai gama yarda da Tanimun ba.

*

Ana shirin ɗaukar gawa sai ga farar mota ƙarama daga Konni. Alhaji Mamane ne, mai manyan motocin dakon albasa, tare da direbansa Sharifu. Sharifu ɗan ƙanen Jibo ne. Uwarsa da ubansa sun rasu yana rarrafe, Jibo da Kande suka raine shi, ba su kuwa da wani ɗa namiji sai shi. Ya fito idanunsa jawur, ya faɗi gaban makara, maza biyu suka ɗaga shi.

Bayan an dawo daga maƙabarta Alhaji Mamane ya zauna a tsakiyar tabarmar gaisuwa, ya cika wurin da murya.

"Irin waɗannan direbobin ne ke ɓata muna suna! Ni motocina ba mai tuƙi sai ya huta. Ga Sharifu nan, tun jiya da la'asar yake kwance a tasha, ni da kaina na tashe shi na faɗa mai. Mi ake jira da wancan mutumin? A kai shi inda ya dace mana."

Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Abarshi ya dubi Alhajin. Ba wanda ya tambaye shi inda Sharifu ya kwana.

Sai wani ya matso ya raɗa masa wata magana. Wai a bincika Sani, maƙwabcin gonar Jibo. Bara sun yi rigima har gaban maigari, Sani ya rantse sai ya ga bayan Jibo da shanunsa. Kuma an gan shi a waje tun duku-duku. Wa ya sani ko shi ya kora shanun cikin hanya?

Abarshi ya sami Sani a bayan gidansa yana gyaran zana.

"An ce ka yi sammako."

"Cikina ne ya ɓaci, ko shi ma laifi ne? Na san abin da suke faɗi. Ni da Jibo mun yi faɗa, gaskiya ne, Allah ya jiƙansa. Amma ka san a kan mi munka yi?"

Ya ɗaga riga. Wani dogon tabo ya taso daga cinya har haƙarƙari.

"Aikin Kure ke nan, baƙin san nan nasa. Wakena ya shiga, na je kora shi, ya ɗaga ni sama kamar dami. Ni in matsa kusa da amalanken da Kure ke ja? Ko kai da kake abokinsa, ka taɓa kama igiyarsa?"

Abarshi ya yi tunani. Bai taɓa ba.

"Duk garin nan wa ke taɓa shi?"

"Jibo. Sai Kande da ke ba shi dusa. Sai yaronsu, da ya raine shi tun yana maraƙi."

Abarshi ya bar shi nan. Ya wuce gidan makoki, ya tsaya bakin zanar da ta raba tsakar gida da waje, ya yi sallama. Kande ta amsa daga ciki.

"Kande, ya haƙuri?"

"Da godiya, Abarshi."

"Ke kika kwance Kure daga karkiya kika ɗaure shi gindin aduwa?"

"Ni ko ƙofa ban leƙa ba. Gawarsa kawai anka kawo mini." Sannan ta ce, "Yana can cikin rana ke nan? Bai sha ruwa ba?"

*

Tsoron san ya sa ba wanda ya je wajen aduwar, saboda haka ƙasar wurin tana nan lafiya. Abarshi ya tsaya daga inda ƙaho ba zai kai shi ba, ya tsuguna.

Ga kofaton Kure ya taso daga wajen amalanke. Ga ƙafar nan maras takalmi a gefensa. Ya nemi inda san ya turje, ko inda ya tona ƙasa, ko inda mutumin ya yi tsalle ya kauce. Babu. Sa wanda aka buge abokin karkiyarsa a gabansa, wanda ya kamata ya haukace, ya bi mutumin nan salin-alin, kafaɗa da kafaɗa. A wuri ɗaya ma sun tsaya, sawun mutumin ya juyo ya fuskanci san, dab da hancinsa. Kusa da aduwa, inda ƙaya ta zuba, ƙafar dama ta fara ɗingishi, sai yatsu kawai take takawa.

Ya ɗaga kai ya dubi igiyar. Ba ɗaurin manomi ba ne, ba na makiyayi ba. An yi zarge a tsakiyar igiya, an zura bakin an ja, an soke. Irin ɗaurin da ake yi wa lodi a bayan babbar mota.

Abarshi ya zauna dirshan a ƙasa. Ya daɗe a wurin. Ya tuna Sharifu yana ɗan yaro a kan wuyan Jibo ranar sallah. Ya tuna muryar Kande a bayan zana. In ya yi shiru ba mai sani, da yamma awaki za su bi ta nan su share komai, Kande ta tsira da ɗa. Sai kuma ya tuna fasasshen leɓe a zauren maigari, da ɗiya huɗu a Tajaye da ba su san abin da ake ciki ba.

Kure ya dube shi ya yi huci.

"Na ji," in ji Abarshi. Ya dogara sanda ya tashi.

*

Bayan sallar la'asar aka taru. Abarshi ya roƙi maigari a yi zaman a inuwar da ke kusa da aduwa, ba a fada ba. Aka fito da Tanimun. Shef ya tsaya ya harɗe hannu. Alhaji Mamane aka kawo masa kujera. Sharifu ya zauna a ƙasa gefensa, ya jingina da ƙafar kujerar. Mata suka tsaya daga nesa, Kande a cikinsu an lulluɓe ta, don ta ƙi zama a ɗaki.

"Ranka ya daɗe," in ji Abarshi, "kafin a yi magana, dabbar nan tun safe ba ta sha ruwa ba. Tanimun, je ka kwanto ta."

Tanimun ya dubi Shef, Shef ya ɗaga masa kai. Ya nufi san yana ɗan tsotsar baki kamar mai kiran akuya. Bai kai ga igiyar ba Kure ya sunkuyar da kai ya zabura. Igiya ta miƙe, aduwa ta girgiza, Tanimun ya faɗi da baya ya rarrafo cikin mutane.

"Sani, ko kai za ka gwada?"

"Gwamma a kai ni gidan kaso," in ji Sani. Wasu suka yi dariya duk da makoki.

"To, Sharifu. Tashi ka kai san babanka gida."

Shiru. Aka juya. Sharifu ya yi barci a zaune, baki a buɗe, kai ya rataya.

"Baƙin ciki ne," in ji Alhaji Mamane da sauri.

"Mutumin da ya kwana tun jiya da la'asar?" in ji Abarshi. Ya matsa, ya buga sandarsa a ƙasa da ƙarfi. "Sharifu!"

Sharifu ya zabura. Hannayensa biyu suka cafki iska a gabansa suka murɗa ta hagu, ƙafarsa ta dama ta doki ƙasa kamar mai taka birki. "Baba!" ya ƙwala. Sannan ya ga inda yake. Ya sauke hannayen a hankali.



"Kwanto Kure," in ji Abarshi, muryarsa ta yi laushi.

Ya tashi ya tafi, yana ɗingisa ƙafar dama cikin takalminsa. San ya daina huci, ya miƙo wuya ya lashi hannunsa. Sharifu bai ko dubi ƙullin ba, ya kama baki ɗaya ya ja, igiya ta warware.

Abarshi ya juyo ga jama'a. Ya nuna musu sawun biyu da sandarsa, na sa da na mutum, yadda suka jero. Ya faɗi abin da ya gani a gefen kwalta, tayar da ta zame ba birki.

"Wanda ya buge Jibo barci yake yi. Da ya farka ya rugo ba takalmi. Direba ne, ɗaurinsa ya nuna. Kuma Kure ya san shi. Shef, in ka sa ya tuɓe takalmin dama, za ka ga ƙayar aduwa."

"Ƙarya ce!" Alhaji Mamane ya miƙe. "Tsohon nan ya ruɗe. A kan sawun sa za a…"

"Alhaji, bari," in ji Sharifu.

Ya durƙusa, igiyar na hannunsa. Ba Shef ya duba ba, wajen mata ya duba.

"Inna, tun ranar Juma'a ban kwanta a shimfiɗa ba. Da mu biyu ne a motar, muna karɓar juna, Alhaji ya sallami ɗayan. In na sauke lodi sai a ce koma, albasa ba ta jira. Jiya na ce mai ba ni gani sosai. Ya ce in sha shayi. Na tuna na wuce Malbaza. Daga nan ban san komi ba sai ƙara."

"Ka iske shi da rai?" Muryar Kande ce, ba ta rawa.

"Da sauran numfashi. Ya gane ni, Inna. Ya ce, Sharifu, kwance Kure, karkiya ta shaƙe shi. Na je na kwance. Ko da na dawo ya cika. Na juya shi gabas, na rufe mai fuska." Ya kife kai da ƙasa. "Na kira Alhaji. Ya ce in ja mota in taho, kada kowa ya gan ni, shi zai san abin yi. Da na wuce na ga tirelar wannan bawan Allah a ajiye. Na gan ta, na wuce."

Mai jarkar fetur ya ajiye ta a bayansa. Shef ya tambayi Alhaji Mamane inda motar take. Alhaji ya fara maganar mutanen da ya sani a Tawa. Shef ya ce zai iya kiransu daga buro, ofishin jandarmomi.

Kande ta fito daga cikin mata. Mai takaba ba ta shiga taron maza, amma ba wanda ya hana ta. Ta tsaya kan Sharifu ta daɗe. Mutane suka zaci za ta mare shi, ko ta rungume shi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta sunkuya ta zare igiyar daga hannunsa.

"Da ka zauna wurinsa har mu zo," ta ce. "Shi ke nan abin da za ka yi."

Ta ja Kure suka nufi rijiya.

Maigari da kansa ya ba Tanimun haƙuri, ya sa aka kawo masa riga da fura. Asabe ta tsaya can tana murza bakin zanenta, ta kasa matsowa. Da jandarma ya mayar masa da wayarsa, tana ta ƙara. Maigidansa ne. Tanimun ya dube ta, ya kashe, ya sa a aljihu.

"Baba," ya ce wa Abarshi, "ban san mi zan ce ma ba."

"Kada ka ce komi. Ka kwana nan, gobe ka tafi."

Abarshi ya taka zuwa motar jandarmomi, inda aka saka Sharifu da Alhaji Mamane. Yana son ya faɗa wa yaron wata magana, ko da ta ban haƙuri ce, don Jibo. Ya leƙa ta baya. Ba a ko tayar da inji ba, amma Sharifu ya riga ya yi barci, da ankwa a hannu, kansa a kan kafaɗar Alhaji Mamane. Alhajin ya motsa zai ture shi.

"Bar shi," in ji Shef.